Yatsan da ke karatu

Fatar ɗan Adam ba ko'ina take jin taɓi daidai ba. Idan aka ɗora tsinken tsintsiya biyu a gadon bayan yaro, da tazarar santimita 3 a tsakaninsu, sau da yawa zai ce ɗaya ne. A kan yatsa kuwa, ko tazarar milimita 3 ce, nan take zai ce biyu. Malamin firamare a Banga ko Shinkafi na iya yin gwajin nan a aji ba tare da ya kashe ko sisi ba, kuma a kan wannan baiwa ta yatsa aka gina rubutun makafi.

Mai rubutun, Louis Braille, ɗan baduku ne mai ɗinkin kayan doki a Faransa. An haife shi a 1809. Yana ɗan shekara uku ya soki idonsa da kayan aikin mahaifinsa, ciwon ya kama ɗaya idon, ya makance. A makarantar makafi ta Paris ya tarar da littattafai masu manyan haruffan boko masu tudu, masu cin takarda, masu wuyar shafawa. Ya kuma ga tsarin Charles Barbier mai ɗigo 12, wanda ya fi ƙarfin kan yatsa. Yana ɗan shekara 15 ya rage su zuwa shida. Ɗigo shida kacal, uku hagu uku dama, amma suna ba da alamomi 63. Hukuma ba ta amince da tsarin ba sai 1854, shekara biyu bayan mutuwarsa.

Wajen koyar da wannan rubutu, malami ba ya fara wa ɗalibi da harafi. Tukuna sai ɗalibin ya ware gero daga dawa, dawa daga wake, ya bi layin zare a takarda, ya koyi shafa a hankali, don danna ɗigo da ƙarfi yana baje shi. Yatsan da ya tsaya cik ba ya karatu, sai yana tafiya. Rubutu da allo da tsinke ya fi rikitarwa: daga dama ake hudawa, a juya takardar, a karanta daga hagu.

A arewacin Nijeriya, makarantar makafi ta Gindiri ta soma a 1953, Kano kuma tana da ta Tudun Maliki. A rubutun makafi na Hausa, ɓ, ɗ da ƙ suna da nasu alamomin. Akwai Alƙur'ani da wannan rubutu, kuma Larabcinsa daga hagu zuwa dama ake karanta shi.