Ko Kun Sani? Fara da Jatan Lande Dangin Juna Ne

Farar nan da ake soyawa a barbaɗe ta da yaji a kasuwannin Ɗambatta da Bichi 'yar'uwar jatan lande ce, wanda Turawa ke saye da tsada a gidajen abinci. Masana halittu sun gano cewa ƙwari da jatan lande da ƙaguwa duk reshe ɗaya suka fito. Dukkansu ba su da ƙashi a ciki, ɓawo ne ya lulluɓe su, ƙafafunsu kuma gaɓa-gaɓa. Kusancin ya kai har wanda jikinsa ba ya karɓar jatan lande zai iya fesowa da ƙuraje idan ya ci fara. Shi ya sa da Tarayyar Turai ta amince a sayar da fara a matsayin abinci a shekarar 2021, sai da ta wajabta rubuta wannan gargaɗi a jikin leda.

To me ya raba su a faranti? Sabo ne da abin da ƙasa ta bayar. Turai na da teku a kusa, ƙwarinta kuma ƙanana ne, sanyi na ɓoye su rabin shekara. Mu kuwa teku ya yi mana nisa, fara kuma ga ta a gona bayan kaka, yara na kama ta da sanyin asuba kafin ta iya tashi, addini ma ya halatta ta. Ni dai na sha ganin dattijon da ke cin fara da marmari ya kau da kai daga ƙaguwa.