Ragar wifi a cikin gida

1. Daga ina rezo yake zuwa?

Garin Dakoro yana arewa da Maraɗi, da nisan kilometir 120 ko kusa da haka. Duk da wannan nisa, mutum yana iya zama a zaurensa ya yi magana da ɗan'uwansa da ke Maraɗi, ko Yamai, ko Makka, har ma ya ga fuskarsa. Yaya haka take faruwa?

Ku ɗaga kai ku duba. Za ku ga dogayen ƙarafuna masu jan fenti da fari, waɗanda suka fi kowace bishiya tsawo. Su ne hasumiyoyin rezo. Kamfanonin tarho ne suke kafa su, kamar Airtel, da Moov Africa, da Zamani Telecom, da Niger Telecoms. Salula tana aika saƙo zuwa hasumiya. Hasumiya ta miƙa ma wata, har saƙon ya shiga manyan wayoyi na cikin ƙasa. Nijar ba ta da teku, saboda haka wayoyin suna ratsa ƙasashen maƙwabta, kamar Benin, kafin su haɗu da waɗanda aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku. Tun 2025 kuma akwai wata hanyar: faranti na Starlink, wanda yake karɓo intanet kai tsaye daga taurarin ɗan'adam.

Ko ta wace hanya intanet ya iso gida, sai an raba shi ga mutanen gidan. Abin da yake wannan rabo shi ne wani ɗan akwati mai ƙananan fitilu. Sunansa akwatin wifi. Darasinmu na yau a kansa yake.

2. Mene ne wifi?

Ku jefa tsakuwa cikin tabki da damina. Me kuka gani? Ruwa ya yi zobe, zoben yana faɗaɗa, yana kuma raguwa, har ya ɓace. Akwatin wifi haka yake aiki. Yana watsa igiyoyi ta kowane gefe, amma ido ba ya ganin su. Irin igiyoyin da suke kawo muryar Voix du Sahel cikin rediyo ne, sai dai na wifi gajeru ne ƙwarai.

Wani masani Bajamushe, Heinrich Hertz, shi ne ya nuna akwai irin waɗannan igiyoyi, a shekarun 1887 da 1888. Suna gudu kamar haske: kilometir 300 000 a daƙiƙa guda. An tsara dokokin wifi na farko a 1997, aka raɗa masa wannan suna a 1999.

Yawancin akwatuna suna watsa igiya iri biyu. A jikin akwati ana rubuta su da lamba: 2,4 da 5. Igiyar 2,4 tsawonta santimetir 12 da rabi, wato kamar tsawon alƙalamin rubutu. Tana kaiwa nesa, tana kuma ratsa bango da dama-dama. Igiyar 5 tsawonta santimetir 6. Ta fi ɗaukar saƙo mai yawa, amma tana saurin gajiya.

3. Me ya sa wifi ba ya kaiwa cikin gida?

Mu ɗauki misalin gida irin na garinmu. Daga waje akwai zaure. Bayansa ɗakin samari, sai shigifa, sai turakar maigida. Can ciki akwai tsakar gida, da ɗakin uwargida, da na amarya, da na kaka, da madafa, da rumbu. Daga zaure zuwa ɗakin kaka ana iya samun metir 30.

Maigida ya sayi akwatin wifi, ya aje shi a zaure. Samari suna murna. Amma uwargida ba ta iya kiran ɗiyarta da ke aure a Tawa sai ta fito bakin shigifa. Ƴan mata masu shirin jarrabawa ba sa samun darasinsu a ɗaki. Kuɗi ɗaya ake biya duk wata, amma rabin gida ne yake amfana. Abu uku ne suka jawo haka.

Na farko, nisa. Ku kunna cocila da dare, ku haska bango. In kun ja da baya, haske yana bajewa, yana dushewa. Igiyar wifi ma haka take. Ko babu abin da ya tare ta, in nisa ya ninka biyu, ƙarfinta yana komawa kashi ɗaya cikin huɗu. In ya ninka huɗu, sai kashi ɗaya cikin 16.

Na biyu, bango. Dangar kara ba ta tare igiya sosai. Ƙofar katako ma haka. Amma bangon ƙasa mai kauri yana shanye ta, bangon siminti mai ƙarfe a ciki ya fi. Ƙofar ƙarfe da rufin kwano kuwa mayar da ita suke, kamar yadda madubi yake mayar da haske.

Na uku, ruwa. Ruwa yana shan igiyar wifi. Randa cike da ruwa, da bishiya mai ɗanyen ganye, da bangon da ya jiƙe da damina, duk suna rage mata ƙarfi. Jikin mutum ma galibinsa ruwa ne. Ranar suna ko biki, in zaure ya cika da jama'a, za a ga wifi ya yi rauni.

Wani zai ce: "To, a sayo akwati mai ƙarfi mana!" Ku yi tunani. Magana tsakanin akwati da salula zuwa da dawowa ce. In mai shela ya yi kira daga nesa, ƙaramin yaro yana jin sa. Amma in yaron ya amsa, mai shela ba zai ji ba. Salula ita ce yaron. Batirinta ƙarami ne, muryarta ba ta kaiwa nesa. Ƙarfin akwati shi kaɗai bai isa ba.

4. Magani na farko: a sake wuri

Kafin a kashe ko dala, sai a duba inda aka aje akwati. A fitar da shi daga lungu. A kai shi kusa da tsakiyar gida. A ɗora shi sama, ya wuce kan mutum. Kada a sa shi cikin akwatin ƙarfe, ko bayan ƙofar ƙarfe, ko kusa da randa. In gida ƙarami ne, sau da yawa wannan kaɗai ya wadatar.

In gida babba ne, mai sassa da yawa, akwati guda ba zai iya ba. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

5. Magani na biyu: raga

Kun taɓa ganin magina suna aiki? Ba a jefa tubali daga bakin rami zuwa kan gini. Mutane suna jerawa. Wannan ya miƙa ma wancan, wancan ya miƙa ma na gaba, har tubali ya kai hannun magini. Babu wanda ya wahala, tubali kuma bai fashe ba.

Wannan dabara ce ake yi da wifi. Ana sa akwati biyu, ko uku, ko fiye, a wurare daban-daban cikin gida. Guda ɗaya ne yake karɓo intanet daga waje. Mu kira shi uwa. Sauran kuma ƴaƴa. Uwa tana miƙa saƙo ga ɗa na kusa, shi kuma ya miƙa ma na gaba. In salula ta amsa, amsar tana komawa ta wannan hanya. Yanzu salula ba ta bukatar ɗaga murya, tunda akwai mai jin ta a kusa.

Me ya sa ake kiran wannan tsari raga? Ku dubi ragar da ake ɗaure harawa da ita. Kowane ƙulli yana haɗe da ƙulli biyu ko uku. In zare ɗaya ya tsinke, raga ba ta warwarewa. Akwatunan ma haka suke: kowane yana magana da duk wanda yake iya ji. In ɗaya ya mutu, ko aka rufe ƙofar ƙarfe a tsakani, saƙo yana neman wata hanya da kansa. Kamar mai amalanke ne da ya tarar ƙorama ta cika: sai ya zagaya ta wani ƙauye.

Raga tana da wani amfani kuma. Duk akwatunan suna ɗauke da suna ɗaya da kalmar sirri ɗaya. In ka tashi daga zaure ka shiga cikin gida, salularka tana sakin akwatin zaure, ta kama na tsakar gida, ba tare da ka taɓa komai ba.

6. Yadda ake jera akwatuna

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Suna ɗaukar ɗa, su kai shi cikin ɗakin da wifi ba ya zuwa. Wannan ba shi da amfani. Wanda bai ji saƙo ba, me zai faɗa? A sa ɗa a tsakiyar hanya, inda yake jin uwa da kyau, yake kuma kusa da ɗakin da ake so.

A gidan misalinmu, uwa tana iya zama a shigifa. Ɗa na farko a ƙarƙashin rumfar tsakar gida. Ɗa na biyu a bakin ɗakin kaka. In akwatuna suna ganin juna ta ƙofa ko ta taga, ya fi kyau.

Kada jerin ya yi tsawo. Akwati mai sauƙin kuɗi ba ya saurare da magana lokaci guda: sai ya ji, sannan ya faɗa. Saboda haka a kowace miƙawa sauri yana iya raguwa da rabi. In akwai hali, a haɗa uwa da ɗa da waya. Irin wannan waya tana kai saƙo har metir 100 ba tare da ya rage ba.

Kowane akwati yana bukatar wuta, kamar yadda ƙaramin ƙwan lantarki yake bukata. In an ɗauke wuta, raga ta tsaya. Shi ya sa wasu suke haɗa ta da allon hasken rana da batir. A kare akwatuna daga rana, don a watannin Afrilu da Mayu zafi yana wuce digiri 40 a ƙasarmu. A kare su daga ruwan sama. Da hunturu a riƙa share musu ƙura da busasshen ƙyalle.

7. Abin da raga ba ta iyawa

Raga tana raba intanet, amma ba ta ƙara shi. In rijiya ta yi ƙasa, yawan tuluna ba ya ƙara mata ruwa. In rezon da yake zuwa daga hasumiya ba shi da ƙarfi, ko kuɗin wata ya ƙare, akwati goma ma ba za su yi komai ba. Saboda haka kafin a sayi raga, a tsaya kusa da uwa a gwada. In a nan ma intanet yana jan ƙafa, matsalar daga waje take.

Igiya kuma ba ta san iyakar gida ba. Tana tsallake katanga ta fita titi. A sa kalmar sirri mai tsawo, wadda ta haɗa baƙaƙe da lambobi. Kada a sa 12345678, ko sunan maigida. In ana son a taimaki maƙwabci, a ba shi da sanin maigida.

8. Ragar gari guda

Dabarar da ta yi ma gida tana yi ma gari. A ƙasar Afirka ta Kudu akwai wata karkara, Mankosi. A da, mutanenta ba su da wutar lantarki, kuɗin tarho kuma ya yi musu tsada. A 2012 suka haɗa kai da masana na wata jami'a, suka ɗora akwatuna a kan gidaje, kowane da allon hasken rana. Gida yana miƙa ma gida, ƙauye yana miƙa ma ƙauye. Suka sa ma ƙungiyarsu suna Zenzeleni, wato "ku yi da kanku". Mutanen wurin ne suke kula da ita.

Mu gwada

a) Ku fita filin makaranta. Ɗalibi ɗaya ya tsaya a wannan gefe, ɗaya a wancan. Na farko ya faɗi kalma a hankali. Na biyu ya ji? Yanzu ɗalibai uku su shiga tsakani, su miƙa kalmar. Ku cire na tsakiya. Me ya faru? Ku tsaya layi biyu, ku sake cire mutum ɗaya. Kalmar ta isa?

b) Malam zai buɗe wifi na salularsa, ya aje ta a kan tebur. Ku ɗauki wata salula, ku dubi alamar wifi a cikin aji, da bakin ƙofa, da bayan bango, da gindin bishiya. Ku rubuta layi nawa alamar ta nuna a kowane wuri.

c) Ku zana taswirar gidanku. Ku sa alama inda ya kamata uwa ta zauna, da inda ƴaƴa za su zauna.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa uku ne suke rage ƙarfin wifi?
2. Me ya sa akwati mai ƙarfi shi kaɗai bai isa ba?
3. Ina ake aje ɗa: cikin ɗakin da wifi ba ya zuwa, ko a tsakiyar hanya? Don me?
4. A nisan metir 5 ƙarfin igiya 16 ne. Nawa zai zama a metir 10? A metir 20 fa?
5. Saurin saƙo a wurin uwa 40 ne. Yana raguwa da rabi a kowace miƙawa. Nawa zai kai wurin ɗa na biyu?

Sababbin kalmomi

Rezo: hanyar da saƙon salula yake bi.
Igiya: motsin da yake ɗauke da saƙo, wanda ido ba ya gani.
Uwa: akwatin da yake karɓo intanet daga waje.
Ɗa: akwatin da yake karɓa daga uwa, ya miƙa gaba.
Raga: akwatuna da yawa masu miƙa ma juna saƙo ta hanyoyi daban-daban.
Kalmar sirri: makullin da yake buɗe wifi.