Asalin Waƙoƙin Baka Na Mutanen Tsaunukan Afalashiya A Amurka

A darasin Adabin Baka ne malaminmu ya ce waƙa takan yi ƙaura ta daɗe a baƙuwar ƙasa fiye da yadda ta daɗe a gida. Ni da na koyi Hausa da girmana, kuma rabin kalmomin da na sani daga bakin mawaƙa na tsince su, maganar ta tsaya mini a rai. Misalin da zan kawo daga tsaunukan Afalashiya ne da ke gabashin Amurka.

A shekarar 1609 Sarki James na Ɗaya ya fara zaunar da mutane, akasarinsu daga Sikotilan, a lardin Ulster na arewacin Ayalan. Bayan kamar shekara ɗari, tsadar hayar gona da takurawar addini suka sa jikokinsu haye teku. Tsakanin 1717 da 1775 wajen mutum 200,000 suka isa Amurka. Da yawansu a Filadelfiya suka sauka, suka tarar filayen bakin teku duk da masu su, sai suka nausa kudu zuwa tsaunukan Bajiniya da Karolina.

Sun zo da gogensu na Turawa da kuma dogayen waƙoƙi masu ba da labari, waɗanda galibi mata ke rerawa ba kiɗa, suna cikin aikin gida. Shahararriya cikinsu ita ce "Barbara Allen", labarin saurayin da so ya kwantar, budurwar ta yi masa kunnen uwar shegu har ya mutu, ita ma nadama ta kashe ta. Tun 1666 Samuel Pepys ya rubuta cewa ya ji ta, ya kuma kira ta waƙar Sikotilan. Shekara 250 bayan haka ana nan ana rera ta a tsaunukan, ko da yake sunayen garuruwan cikinta sun sassauya daga baki zuwa baki.

Daga 1916 zuwa 1918 wani Bature ɗan Ingila, Cecil Sharp, tare da Maud Karpeles, suka bi ƙauyukan suka tattara waƙoƙi fiye da 1,600. Mace ɗaya kawai, Jane Gentry, ta rera masa 70.

Sai dai ina da ƙorafi a kan aikin nasa. Littafinsa ya kira su waƙoƙin Ingilishi, alhali bakuna da yawa ne suka ɗauko su. Haka kuma bai damu da baƙaƙen fatar yankin ba, ga shi kuwa banjo, abin kiɗan da ya zama abokin goge a can, bayin da aka kwasa daga Afirka ta Yamma ne suka samar da shi. Na farkonsa ƙwarya ce aka rufe da fata aka ɗaura mata tsirkiya. Ranar da na ga hotonsa, gurmi na zaci ne.