Kwamfutar da Ta Yi Hunturu Lafiya, Bazara Ta Zo Ta Ƙame

Ana tsakiyar wasa sai hoto ya ƙame, sauti ya riƙa nanata gaɓa guda, linzami ya ƙi motsi. A kashe a kunna, komai ya koma daidai, wataƙila har kwana biyu, wataƙila minti goma. Injin da ya mutu murus an san inda za a nufa da shi. Wanda ke ƙamewa sa'ad da ya ga dama kuwa, ana kai shi wurin mai gyara sai ya yi aiki tsaf kamar bai taɓa laifi ba.

Idan kwamfutar an ƙara mata gudu fiye da ƙa'idar kamfani, abin da samari ke kira obakilok, to a Dogon Dutsi da Tibiri tambayar farko ita ce: a wane wata aka saita ta?

Firosesa da bugu take aiki, sau biliyan 4 ko 5 a daƙiƙa. Tsakanin bugu da bugu dole kowane saƙo ya isa inda aka aike shi. Kamfani yakan bar rara mai yawa don saƙon ya isa ko da ɗaki ya yi zafi, ko wuta ta ɗan yi rauni. Mai obakilok wannan rarar yake ci. Don injin ya jure sai ya ƙara masa boltej, nan kuma lissafi ke juya masa baya: ƙarin boltej na kashi 10 cikin ɗari yana kawo ƙarin zafi kusan kashi 21, tun ba a sa na gudun ba.

Fankar da ke kan firosesa ba ta ƙera sanyi. Zafi kawai take kwashewa ta zuba wa iskar ɗaki. A ce firosesarka tana hawa digiri 55 sama da iskar ɗakin idan wasa ya yi nauyi. A daren Janairu, ɗaki na 22, tana 77, lafiya lau. Ranar Afrilu da la'asar, ƙarƙashin rufin kwano, ɗaki na 42, ta kai 97. Yawancin firosesocin Intel iyakarsu wajen 100 ne, Ryzen 7000 kuma 95. Kafin ma a kai iyakar, saitin da aka matse ya fara kuskure. Jakin da ya ja amalanke cike da hantsi, shi ne ke durƙushewa da kayan nan cikin rairayin Dallol Mauri da rana tsaka. Shi ya sa ba na ganin hikimar kwafo lambobi daga YouTube: mai bidiyon a ɗaki mai sanyi yake, kuma firosesa biyu masu suna ɗaya ba su jure abu ɗaya.

Da kwamfutar ta ƙame, kafin ka kai hannu ga maɓallin kashewa, danna Caps Lock ka dubi 'yar fitilarsa. In tana kunnuwa tana mutuwa, injin na raye, hoton ne ya maƙale. Danna Windows da Ctrl da Shift da B tare. Wannan na tayar da direban katin hoto. In allo ya ƙifta ya dawo, zargi ya koma kan katin ko direbansa. In fitilar ta ƙi amsawa, injin ya tsaya gaba ɗaya, sai a dubi firosesa, RAM ko wuta.

Daga nan sai mataki mai ɗaci, wanda mai injin ba ya so: shiga BIOS ka mayar da komai yadda ya zo daga kamfani. Komai, har da XMP. Da yawa sukan rantse ba su taɓa RAM ba, alhali sun kunna XMP ko EXPO, wanda shi ma obakilok ne, sai dai da dannawa ɗaya ake yin sa. Katin hoto ma, in an taɓa shi da MSI Afterburner, a sauke. Sai a yi mako guda ana wasa kamar kullum.

In ƙamewar ta ci gaba, obakilok ba shi da laifi, ko ba shi kaɗai ba. Buɗe akwatin. Ƙurar hunturu takan taru tsakanin haƙoran ƙarfen sanyaya har ta zama kamar ƙyalle, fanka na juyawa amma iska ba ta ratsawa. A hure ta, a riƙe fankar da yatsa kada ta yi ta juyawa a banza. Man nan mai ruwan toka da ke tsakanin firosesa da ƙarfen yakan bushe ya tsage, musamman a injin da aka sayo na hannu. A goge a sa sabo ɗan kaɗan. A zare RAM, a share bakinta, a mayar har ta yi ƙas.

Sai maganar kuran. Yammacin Nijar ya daɗe yana samun wuta mai yawa daga Nijeriya ta layin Birnin Kebbi, kuma da aka yanke ta a Agustan 2023, har zuwa Maris 2024, mutane da dama sun koma ga gurup, wato janareta, da sola. Akwatin wutar kwamfuta an gina shi ya jure katsewar kusan daƙiƙa ɗaya bisa sittin kacal, kuma wanda ya tsufa a zafi ko wannan ba ya kaiwa. Amma a lura: raunin wuta ya fi sa inji ya mutu ya sake tashi da kansa. Idan haka ke faruwa daidai lokacin da firji ya tashi ko aka koma kan gurup, UPS ake bukata, ba sabon RAM ba.

In kuwa ƙamewar ta daina, an kama ɓarawo, saura a san wanne ne. A mayar da saiti ɗaya ɗaya. Fara da XMP, ka bar MemTest86 ya kwana yana aiki. Kuskure ko guda ya isa hujja. Sannan firosesa, da Prime95 ko OCCT, HWiNFO na buɗe a gefe yana nuna zafi. Gwajin firosesar nan da ƙarfe uku na rana za a yi shi, ba da asuba ba. Wanda ya canza abu uku lokaci guda, ko injin ya gyaru bai san abin da ya gyara ba.

Windows na ajiye bayanin abin da ya faru a Event Viewer. Kowa kan tsorata da Kernel-Power 41, alhali abin da yake faɗa kawai shi ne an kashe injin ba bisa ƙa'ida ba, kai ma ka sani tunda kai ka kashe. WHEA-Logger shi ne abin nema, don yana nufin na'urar da kanta ta kama kuskure.

Akwai nau'in ƙamewa da ya fi rikita mutane: inji ya ci gwajin awa shida, sannan ya ƙame ana kallon bidiyo ko ba a yin komai. Idan aiki ya yi sauƙi firosesa na sauke boltej ƙasa sosai, sai ƙaramin aiki ya taso ta yi tsalle zuwa ƙololuwar gudu kafin wutar ta biyo ta. Masu Ryzen da suka rage boltej da Curve Optimizer sun san wannan. Maganinsa a sassauta ragin.

Yawan boltej da zafi suna cin firosesa a hankali, saitin da ya zauna bara ya ƙi zama bana. Ko kamfani bai tsira ba: a 2024 Intel ta amince cewa boltej mai yawa na lalata wasu firosesocinta na zubi na 13 da 14, ta fitar da gyaran BIOS, ta ƙara garanti shekara biyu. Gyaran na hana ɓarna ci gaba, ba ya warkar da wadda ta riga ta auku. Mai irin wannan firosesa ya sabunta BIOS tun kafin ya taɓa wani abu, kuma a kan UPS, don wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin babbar asara ce.

Sauke megahaz 200 daga 5,000 kashi 4 ne cikin ɗari, kuma a yawancin wasanni katin hoto ne ke jan ragama, ido ba zai ga bambanci ba. BIOS da yawa na ba da damar ajiye saiti fiye da ɗaya. A ajiye na hunturu daban, na bazara daban, a koma na biyun da shigowar Maris.