Shin Sayen Kayan Maƙwabta Rashin Kishin Ƙasa Ne?

TAMBAYA: Wani mai sauraronmu, ɗan kasuwar hatsi daga Jibiya ta jihar Katsina, ya rubuto mana cewa kullum suna cikin musu da amininsa mutumin Maraɗi. Aminin ya ce ba don dabbobi da albasar Nijar ba da miyar Nijeriya ta yi lami, shi kuma ya ce ba don lantarkin Nijeriya ba da Yamai ta kwana a duhu. Yana so mu raba gardama: wa ya fi bukatar wani? Kuma shin mai sayen kayan tsallaken iyaka ya rasa kishin ƙasarsa ne?

AMSA: To Malam, mun gode da takardarka. Da farko dai ka sani cinikin da ke tsakaninku ya girmi iyakar da ta raba ku. Turawan Ingila da na Faransa ne suka shata wannan iyaka, mai tsawon kilomita kusan 1,500, ta yarjeniyoyin da suka ƙulla a 1898 da 1904 da 1906. Kafin nan fatake sun daɗe suna bin hanyar Kano zuwa Damagaram da Agadas. Ita kanta sarautar Maraɗi, sarakunan Katsina ne da suka yi ƙaura bayan jihadi suka kafa ta, shi ya sa ake ce wa sarkinta Sarkin Katsinan Maraɗi. Ka ga kenan kai da amininka 'yan gida ɗaya ne.

Me ke sa kaya su tsallaka? Abu biyu ne. Na ɗaya, kowa da abin da Allah ya hore masa. Nijar na da shanu, raguna, raƙuma, wake da albasar Galmi. Nijeriya na da masara, dawa, doya, goro, takin zamani da kayan masana'antu. Shi ya sa kasuwanni irin su Maigatari, Illela, Birnin Ƙonni da Dawanau suke cika suna batsewa. Na biyu kuwa shi ne canjin kuɗi. Idan naira ta faɗi, kayan Nijeriya sai su yi wa mai sefa araha. Da aka rage darajar sefa da rabi a watan Janairu na 1994, sai reshe ya juye, dabbobin Nijar suka yi wa mai naira sauƙi. Wato dai ɗan kasuwa farashi yake bi, ba tuta ba.

Batun wa ya fi bukatar wani kuwa, ai an gwada an gani har sau uku. A 1984 gwamnatin Janar Buhari ta rufe iyakokin ƙasa, ba a buɗe ba sai 1986. Abin ya zo daidai da fari, har wasu mutanen Nijar suka laƙaba wa yunwar lokacin suna El-Buhari. A watan Agusta na 2019 aka sake rufewa don hana fasa-ƙwaurin shinkafar waje, aka fara buɗewa a Disamba na 2020. Sai kuma bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, 2023 a Nijar, lokacin da ƙungiyar ECOWAS ta sa takunkumi, Nijeriya ta rufe iyaka ta kuma yanke lantarki, alhali wajen kashi 70 cikin 100 na wutar Nijar daga nan take zuwa a lokacin. An buɗe a watan Maris na 2024.

To me ya faru? Nijar ta sha duhu da tsadar abinci, wannan gaskiya ne. Amma kai ma shaida ne, a Jibiya da Illela motoci sun yi layi kaya suna lalacewa, 'yan dako da direbobi sun zauna ba aiki, dabbobi sun yi ƙaranci a kara. Lalle tattalin arzikin Nijeriya ya ninka na Nijar nesa ba kusa ba, don haka Nijar ce ta fi jin jiki. Sai dai talakan bakin iyaka, ko ta wane ɓangare yake, kukansu ɗaya ne.

Saboda haka Malam, sayen ragon layya daga Nijar ko buhun masara daga Nijeriya ba rashin kishin ƙasa ba ne, muddin an bi ta hanya an biya kuɗin fito. Inda rashin kishi yake shi ne fasa-ƙwauri, da algus, da tsawwala wa mai saye don an ga ba shi da wata mafita. Mai son a sayi kayan gida, to ya gyara kayan gida.

Musunku kuwa kada ku daina, tunda wasa ne irin na taubasai, kuma tsakanin harshe da haƙori ma akan saɓa. Sai dai in an tashi kasuwa, a yi sallama da fara'a, gobe ma rana ce. A gai da mutumin Maraɗi, mu ma muna jiran tasa takardar.