Allurar maruƙa: inda take magani da inda take ɓarna

A rugagen da ke kewayen Dirin Daji, cikin ƙaramar hukumar Sakaba ta masarautar Zuru a jihar Kebbi, babu abin da ke tayar wa makiyayi hankali kamar ya wayi gari ya ga maraƙinsa na zawo.

Abin da da yawa kan fara yi shi ne sayen allurar kashe ƙwayoyin cuta a kasuwa, galibi oxytetracycline ko haɗin penicillin da streptomycin, su yi wa maraƙin da kansu.

To sai dai likitocin dabbobi na cewa zawon maruƙa a makonnin farko na haihuwa sau da yawa bairos ne ke haddasa shi, ko wata ƙwayar hanji da ake kira cryptosporidium, kuma waɗannan allurai ba sa taɓa su.

Abin da ke kashe maraƙin shi ne ƙarewar ruwa a jiki. Saboda haka ruwan gishiri da sukari, tare da barinsa ya ci gaba da shan nono, sun fi allura ceton ransa. Allurar na da amfani ne idan maraƙin yana zazzaɓi, ko ya kasa tashi, ko ya kamu da ciwon huhu ko na cibiya.

Babban rigakafin kuwa shi ne dakashi, wato nonon farko. Ana haihuwar maraƙi ba shi da garkuwar jiki, kuma hanjinsa kan daina karɓar garkuwar da ke cikin dakashi bayan kimanin sa'o'i 24. Maraƙin da bai sha ya ƙoshi a sa'o'in farko ba, shi ne aka fi kashe wa kuɗin magani daga baya.

Illar ba ta tsaya a ruga ba. Idan aka yi allura ba bisa ƙa'ida ba, ko aka katse ta da zarar dabba ta ɗan farfaɗo, ƙwayoyin cutar da suka tsira kan bijire wa maganin, su bi kashi su shiga rafin da mutane da shanu ke sha tare.

Wani bincike da mujallar Lancet ta wallafa a 2022 ya ƙiyasta cewa irin waɗannan ƙwayoyin cuta sun hallaka mutane miliyan 1.27 a duniya a 2019, kuma matsalar ta fi ƙamari a Afirka ta Yamma.

Tun 2006 Tarayyar Turai ta haramta ba dabbobi waɗannan magunguna domin ƙiba kawai. Najeriya ta fitar da shirinta na farko kan bijirewar ƙwayoyin cuta a 2017, kuma hukumar NAFDAC ce ke yi wa magungunan dabbobi rajista.

Amma a yankin da hare-haren 'yan bindiga suka tarwatsa rugage da dama, mai tallar magani a ranar kasuwa ya fi likitan dabbobi kusa da makiyayi.