Majami'ar ƙasa ta Wusasa

Duk wanda ya san Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina zamanin Sarki Abdulkarim, in aka rufe masa ido aka shigar da shi tsohuwar majami'ar Bartholomew ta Wusasa, sai ya ga gicciye kafin ya gane ba a wani soron malamai yake ba. Ginin ƙasa ne, bango mai kauri, da bakan gizo da ke tasowa daga jikin bango ya tanƙwaro ya ɗauki rufi. Maginan Zazzau na wancan zamani ba sa zuba kankare. Tubali suke jerawa, su riƙa ɗaura azara gajeru-gajeru, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, har hannu biyu na bakan su haɗu a sama, sannan a bi da yaɓe. Ko da zafin bazara, cikin ɗakin da sanyinsa.

A 1929 aka gina majami'ar, amma tushen labarin yana Kano. Zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi an yi wani Malam Ibrahim wanda ya duƙufa kan ayoyin Alƙur'ani da suka ambaci Annabi Isa, har ya tara almajirai aka riƙa ce musu Isawa. Mahukunta suka ga abin ya kauce hanya, aka nemi ya janye ya ƙi, aka tsire shi a kasuwa wajen 1867. Almajiransa suka watse, da yawa suka nufi duwatsun Ningi. Babu Bature ko ɗaya a wannan kashi na labarin, kuma nan ne masu ba da shi suka fi yin tsallake.

Shi kuwa Likita Walter Miller na mishan ɗin CMS, yana cikin ayarin Bishop Tugwell da Sarkin Kano Alu ya kora a 1900. Ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905, yana magani yana koyarwa, mabiya ba su taka kara sun karya ba. Kwatsam a 1913 sai ga samari daga zuriyar Isawa sun zo nemansa. Aka kafa musu gari a Gimi, suka yi gonaki da makaranta. Ashe wurin matattarar ƙudan tsando ne. Ciwon barci ya bi su gida-gida, cikin 'yan shekaru garin ya mutu, aka kwashe yaran da suka tsira zuwa Zariya.

Daga baya gwamnatin Turawa da fadar Zazzau suka matsa mishan ta fita daga cikin ganuwa. Aka koma gindin dutsen Wusasa ƙarƙashin Guy Bullen, Miller kuma bai so tashin ba, ya yi gaba zuwa Kano. A ganina ba kwalliya ce ta sa aka yi ginin da ƙasa ba. Masu ibadar Hausawa ne da Fulani, da Hausa suke addu'a, kuma irin ɗakin da suka sani ke nan. Ga shi kuwa ƙasa ba a saye.

Abin mamaki shi ne mutanen da wannan ɗan ƙauye ya fitar. Dakta R.A.B. Dikko, likitan Arewa na farko. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975. John Tafida, wanda suka rubuta Jiki Magayi da Rupert East. Da Janar Yakubu Gowon, wanda mahaifinsa mai wa'azi ne a nan. Yau Wusasa ta kusa haɗewa da Zariya, masu ziyara kuma suna zuwa ganin tsohon ginin. Kulawa kam sai an dage, don ginin ƙasa in aka yi masa sakaci damina biyu, indararo ya toshe, ruwa zai fara cin bango.